Mai Walda Ya Ƙi Jin Ƙarshe

Mai Walda na tsakiyar shafi ya ji ƙarar sandunan Ciyaman a kan siminti, ƙwas, ƙwas. Bai ɗago ba. Ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya juya shafi, amma kunnensa na bin sandunan. Suka wuce gadon Ticha, suka wuce na Tela. A ƙafar gadonsa suka tsaya.

"An tashi lafiya, Mai Walda?"

"Ban tashi ba. Ga ni kwance."

Ciyaman tsohon direban tirela ne. Ya fi kowa daɗewa a ɗakin maza masu ciwon ƙafa, har ƙarafan da aka soka masa a ƙauri sun zama kamar da su aka haife shi. Shi ke raba faɗa, shi ya san nas ɗin da ake roƙo da wadda ake kama baki in ta shigo. Shi ne kuma mai kula da layin littafi.

Littafin dai wani majinyaci ne ya bari, ba mai tuna ko wane ne. Bangonsa ya daɗe da tafiya, an yi masa wani da kwalin magani, an liƙe da filasta. Labarin kisan kai ne na zamanin da ake shimfiɗa layin dogo. An wayi gari an tsinci gawar akawun kamfani cikin tankin ruwa, wani ɗan sanda mai ɗingishi ya shiga bin sawu. Daga gado zuwa gado littafin ke tafiya, in ka gama ka miƙa wa na kusa da kai. Doka ɗaya ce tak: wanda ya gama ba ya faɗa wa wanda bai gama ba ko wa ya kashe akawu. Ka zagi kuku, ka yabi matar mai tasha, ka yi gardama har Sista ta leƙo, amma ƙarshen labari a cikinka zai ruɓe.

Sai dai dokar na da ƙofa. In littafi na hannun mutum, aka ga alamar ba zai kai ƙarshe ba, Ciyaman kan ja sandunansa ya zauna a gefen gadon, ya raɗa masa a kunne. Tausayi ne, wai kada bawan Allah ya tafi da tambaya a ciki. Farkon zuwan Mai Walda ya ga an yi wa wani mai gadi haka. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Ashe!" Ba a jima ba aka naɗe katifarsa.

Yau kuwa da rana za a shiga da Mai Walda a yanke masa ƙafar dama, wadda ciwon sukari ya ci daga yatsa har ya haura idon sawu. Littafin saura kaɗan.

Ciyaman ya jingine sanda ɗaya, ya soma neman wurin zama.

"Wa ya ba ka kujera?" in ji Mai Walda.

"Haba, hira na zo."

"Hirarka na da tsada. Tsaya a inda kake."

Dama tun safe jikinsa ya ba shi. Tela, wanda kullum sai ya yi masa gori, wai yana karatu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, yau shi ne ya aiko masa da shayi, har da cewa ya karanta a hankali, ba gaggawa. Mai Walda ya ga bari ya gwada ɗaya kuma. Ya ɗaga murya yadda za ta kai gadon Ticha.

"Ni fa har yanzu ina kan bakana. Tafintan nan bai kashe kowa ba. Don dai yana cin abinci da Turawan kamfani ne kowa ya tsane shi."

Ticha, wanda ya koyar da tarihi har ya yi ritaya, ya sauke rediyonsa daga kunne. "Haka ne. Kana da gaskiya."

"Ina da me?"

"Gaskiya."

Mai Walda ya cire tabarau. "Jiya ka ce wanda duk ya tausaya wa tafinta bai san mutane ba. Ka ce ni ƙarfe kawai na sani. Ka ce marubucin ma maƙaryaci ne, ba a yin irin wannan tanki a lokacin. Yau kuma ina da gaskiya? Kai da ko gaisuwa sai ka yi mata gyara?"

Ticha ya mayar da rediyo kunne, alhali a kashe yake.

"Kai kuma Tela, ina bakinka? Ba kai ne, tun ba ka karanta ba, ka ce ɗan sandan nan ya fi kunkuru nawa ba, da kai ne da tuni ka ɗaure kuku? Zage ni mana!"

Tela ya shiga gyaran bandejin gwiwarsa kamar ɗinkin Sallah aka ba shi.

"To," in ji Mai Walda. Ya dubi Ciyaman. "Me ka ji?"

Ciyaman ya sosa gemu. Ƙarya ba ta yi masa kyau, ya kuma san haka. "Da likitoci suka zagayo, sun tsaya a bayan labule kusa da ni. Turancina na hanya ne, amma na tsinci abin da na tsinta. Ba ƙafar ce ke damunsu ba. Zuciya ce."

"Shi ne ka ɗauko sandunanka."

"Saura kaɗan ka gama, kuma ka fi kowa shiga labarin nan. Na ga bai kamata..."

"Bai kamata me ba? Ƙarasa."

Ciyaman bai ƙarasa ba, domin a daidai nan 'yar Mai Walda ta shigo da kwando a hannu. Ita ce babbar 'yarsa, mai sunan mahaifiyarsa, ita ke jinyarsa tun da aka kwantar da shi. Ta gaida ɗaki gado-gado kamar yadda ta saba. Ido ɗaya ya yi mata ya ga ta wanke fuska ba da daɗewa ba.

"Uwata, ajiye kwandon. Me likita ya ce miki?"

"Ya ce kada ka ci komai, Baba. Shayin nan ma..."

"Ban sha ba. Shayin ta'aziyya ne. Me ya ce miki a ofis?"

Ta dubi Ciyaman, ta dubi ƙasa. "Baba, a bari mana sai..."

"A nan za ki faɗa. Duk sun riga ni ji, ni mai kayan."

Ta zauna a bakin gado, ta kama gefen zanen gadon tana murzawa. Ta ce likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, allurar barci na iya fin ƙarfinta. In kuma aka bar ƙafar, ruɓar za ta shiga jini, wannan kam ba makawa. Ta ce ta kira Baffa, ƙanensa, ta faɗa masa.

"Me ya ce?"

"Ya ce a mai da kai gida. Wai gara a cikin iyali, da ƙafafunka biyu."

Mai Walda ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Da ƙafafuna biyu. Ina zan je da su? Shi dai baffanki tun muna yara in ya ga kare sai ya kwanta, wai kada ya gaji da gudu." Ya yaye zanen ya dubi ƙafar, an naɗe ta ƙatuwa kamar jariri, warinta na fitowa ta cikin maganin. "Wannan ta gama aikinta. Ta taka wuta, ta taka ƙusa, ta kai ku makaranta. Ban ga dalilin da zan bi ta ba. Ki ce wa likita ya wasa wuƙarsa."

"Baba, in kuma..."

"In kuma, sai a yi in kuma. Amma ina tafe za a tare ni, ba ina kwance ina jira ba."

Ya mayar da tabarau, ya buɗe littafin. Ɗan sanda mai ɗingishi ya kai ga ɗakin ajiyar kwal, ya sami takalmin akawu ƙafa ɗaya. Mai Walda ya karanta layin, ya sake karantawa, bai shiga ba. Haruffan sai rawa suke. Ya sa babban yatsa ya auna abin da ya rage, ya dubi hasken taga. Ko da kansa ƙalau ba zai gama kafin a zo ɗaukarsa ba.

Yatsan ya zame da kansa zuwa shafin ƙarshe. Ɗagawa kaɗan ce, ba mai gani.

Ciyaman, wanda har yanzu ke tsaye a kan sanda ɗaya, ya matso ya rage murya. "Ba sai kowa ya ji ba. Kalma biyu ce. Ka shiga da ranka sake."

Wannan ce ta dawo da shi. Mai Walda ya zare yatsan kamar ya taɓa ƙarfe mai zafi.

"Ciyaman, ka ga na yi kama da mai gadi?"

Ya kama littafin da hannu biyu, hannun da ya shekara yana lanƙwasa rodi. Ya nemo inda babin ƙarshe ya fara, ya danne gindin da yatsa, ya ja. Ƙyaaat! Takardun suka fita tas, ko ɗaya bai yage a karkace ba.

Tela ya zabura har ya manta da gwiwa. "Kai! Kai! Me ka yi? Ka haukace ne?"

"Yawwa, ga muryar da na sani."

"Littafin jama'a! Ni ne a layi! Tun yaushe nake jiran tsohon nan yana bin layi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya, yanzu kuma ya cire masa kai!"

"Wannan ɓarna ce," in ji Ticha, ya ajiye rediyo gaba ɗaya. "Jahilci ne tsagwaronsa. Dama mutumin da zai kare tafinta me ba zai yi ba?"

"Sannu da dawowa, Ticha."

Mai Walda ya ninke takardun biyu ba tare da ya kalle su ba, ya danƙa wa 'yarsa. Sannan ya cilla sauran littafin kan gadon Tela.

"Ga shi nan, layinka ya zo. Karanta har inda ya tsaya. In na fito na karanta babina, sai in ba ka."

"In kuma na kai wurin kafin ka farfaɗo?"

"Sai ka yi ta yi mini addu'a. Ka ga yau na sami mai roƙa mini Allah da gaske."

"Wallahi sai in tambayi Ciyaman!"

"Tambaye shi mana." Mai Walda ya nuna shi da haɓa. "Ga shi nan tsaye, tun safe yake neman kunnen da zai raɗa wa. Ciyaman, je ka zauna a gefen gadonsa."

Tela ya ja jiki ya manne da bango. "A'a! Kada ka matso nan! Ni gwiwa ce kawai!"

Dariya ta fashe daga wannan bango zuwa wancan, har wani sabon zuwa da bai san kan zancen ba ya taya. Ciyaman ya yi ta yi har sai da ya dafa ƙarfen gado, yana share ido da bayan hannu. Ya ɗauki sandarsa ta biyu.

"Kai dai mugun tsoho ne," ya ce.

"Ka koma gadonka. In ka ji ƙwas-ƙwas nan gaba, nawa sandunan ne, na zo karɓar kujerarka."

Sista ta leƙo tana tambayar ko kasuwa aka buɗe. A bayanta ga masu tura gado. Aka sauya masa riga, aka karɓe tabarau, aka ɗora shi. Da za a fita da shi Ticha ya ɗaga murya ya ce har gobe tafinta munafuki ne. Tela kuwa ko ɗagowa bai yi ba, ya riga ya nutse a shafin farko, sai hannu ya kaɗa.

"Ka yi sauri, malam. Kada ka je ka yi musu irin karatunka."

Barandar asibitin doguwa ce, ƙafar gadon ɗaya na ƙara. Fitilun sama na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba tabarau duk sun zama dishi-dishi. 'Yar na tafe a gefensa, hannu ɗaya a kan ƙarfen gadon, ɗayan ya damƙe takardun a ƙirji. Sai da suka sha kwana, hayaniyar ɗakin ta ɓace, ya yafito ta. Ta sunkuyo.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"In ban fito ba, ki mayar wa Tela. Ki nemi filasta wurin Sista ki liƙe da kyau, kada shafi ya ɓata."

Ta gyaɗa kai. Masu turawa suka tsaya a bakin ƙofa mai murfi biyu, ɗaya ya sa kafaɗa zai tura. Mai Walda ya riƙo gefen mayafinta.

"Amma kada ki yi gaggawa."