Babu Wuri a Kaset

Malam Dunoma ya danna maɓallin rikoda, ya zuba wa talabijin ɗin da ke haɗe da kwamfuta ido yana jiran shirinsa ya hau. Minti biyu, minti uku, shiru kake ji. A waje injin wutar makaranta yana ta ruri, kuma ƙarfe biyu daidai za a kashe shi, ko wa ke aiki.

Kwamfutar ba ta fi tiren shayi faɗi ba. Wani Bature malamin kimiyya ne ya bar wa makarantar da zai tashi daga Kazaure a 1982, haɗe da littafin koyon BASIC, yaren da ake ba ta umarni da shi. Sauran malamai suka leƙa sau ɗaya suka watse. Dunoma, malamin lissafi, shi ya nace. Ya gane PRINT na sa ta rubuta magana, INPUT na sa ta tsaya ta jira amsarka, IF kuma ta duba ko ka yi daidai. Wata huɗu ya yi shi kaɗai yana gina shirin da ke yi wa ɗalibi tambayar lissafi, layi ɗari biyu da 'yan kai. Da yake na'urar ba ta riƙe komai in wuta ta ɗauke, a kaset irin na waƙa yake adana aikin. In ka saurare shi da kunne, ƙara ce kawai kamar kukan gyare.

Yau sufeto zai zo daga Kano ya ga aikin, don malami ɗaya za a tura kwas daga wannan yanki. Dunoma ya sa ran nan a zuciyarsa fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa, in ma akwai wanda zai faɗa wa.

Ya zare wayar da ta haɗa rikoda da kwamfuta don ya ji abin da ke faruwa. Sai muryar mahaifiyarsa, Hajja Kaka, ta cika ɗakin.

"Hafsatu, ni ce, Hajja. Kina lafiya? Ya mai gidan? Ya yaran?"

Hafsatu ƙanwarsa ce, shekara uku ke nan da aka kai ta Maiduguri.

"Kaset ɗin nan a ɗakin yayanki na gan shi. Na sa Ma'u maƙwabciyarmu ta kunna mini, sai ihu yake yi, ya lalace. Na ce to, tunda ya mutu bari mu more shi. Zan mayar da shi inda yake zuwa Asabar, ranar da Alhaji Daudu direba zai taho miki da shi."

Dunoma ya dafe kai. Wata huɗu! Ransa ya ɓaci. Ya miƙa yatsa zai kashe, muryar ta ci gaba.

"Shi yayan naki lafiyarsa lau. Da safe ya gaishe ni, da yamma ya gaishe ni, ya shige ɗaki da takardunsa. Ba na son in dame shi, mai ilmi ne. Tun da kika tafi, in magana ta cika mini ciki sai in je wajen awaki. Kada ki faɗa masa, kin ji ko?"

Ya kashe. Kunya ta rufe shi. Shi da yake ganin tsohuwa ce ba ta son surutu.

Agogo ya nuna ɗaya da kwata. Ya jawo kwamfutar ya shiga buga abin da ya iya tunawa, layi na goma, na ashirin, na talatin. Ya haɗa layi talatin da kyar, ba ado ba ƙawa, sai ga motar sufeto a ƙofar ofis.

Sufeton, Alhaji Muhammadu Lawal, mutum ne mai sauri, bai ko zauna ba. Talabijin ya tambaye shi bakwai sau takwas, ya danna hamsin da shida. Aka rubuta masa MADALLA. Ya sake gwadawa da amsar banza da gangan, aka ce SAKE LALE. Ya fashe da dariya.

"Kai, Malam, har da Hausa ka koya mata? Sa mini shi a kaset in kai wa kwamiti. Ba sa zaɓen mutum da labarin baki, kuma gobe za su zauna."

Saura minti goma a kashe inji, ba shi da wani kaset, kasuwa kuwa da nisa. Dunoma ya ji sanyi da ya tuna kaset gefe biyu gare shi. Ya juya shi, ya kunna kaɗan don ya tabbatar babu komai.

"…sai ga shi gyaɗar Roni ba ta yi ba bana. Kin tuna lokacin da Dunoma yana ƙarami, ba ya barci sai ya ba ni labarin makaranta…"

Ya tura gaba zuwa tsakiya. Tana nan. Ya tura har kusa da ƙarshen zaren. Tana nan dai, muryar ta dishe, tana ba da labarin wata akuya da ta haifi uku. Awa ɗaya da rabi cur, daga bakin matar da bai taɓa jin ta haɗa zance goma a yini ba.

Sufeto ya duba agogonsa. "Goge wannan mana, Malam. Ai hirar tsofaffi ce."

Dunoma ya fitar da kaset ɗin, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," ya ce. "Babu wuri a ciki."