Shafin da Ya Tafi da Irin Soso

Saura ƙiris Nhai ta fasa rubuta labarin nan. A aji huɗu karatunta ya tsaya, ga ta da kunya, ko gaisuwa za ta yi a hanya sai ta sunkuyar da kai. Amma mujallar lardi ta yi sanarwa tana neman labarai daga mutanen karkara, ko da rubutun hannu ne, muddin sun iso kafin sha biyar ga watan farko. Nhai ta sayi littafin 'yan makaranta, ta cika shafi tara, tana yi tana gogewa. Da ta gama sai ta cusa shi a ragayar da ke saman murhu, inda suke ajiye irin shuka, domin bayan bikin Tet na sabuwar shekara bango kansa gumi yake yi saboda danshi, takarda kuwa ba ta da mafaka sai wurin hayaƙi.

Saura kwana huɗu a rufe karɓa, tana bayan gida tana kafa gorar da soso zai hau. Yayyafi yana sauka siriri, ƙasa ta yi laushi, kabewa ta fara fasa ido. Ta shigo ɗaukar igiya, sai ta tarar da kakarta, Kaka Suu, zaune a kan tabarma da faifai a cinya tana ƙunshe iri a takarda. Kowace shekara haka tsohuwar take rabon iri ga maƙwabta, su ma su aiko da nasu. Littafin yana gefenta a buɗe.

"Kaka! Me kika yi?"

"Me na yi kuwa? Takarda ce an riga an ɓata ta da tawada. Mai kyau da ke baya ban taɓa ba."

"Labarina ne!"

"To ni na sani? Ke da bakinki kamar an ɗinke, wa kika gaya wa?"

Kaka ba ta iya karatu ba, kuma gaskiyarta, babu wanda aka gaya wa. Shafi uku ta yaga. Biyu suna cikin faifai, ɗaya da wake, ɗaya da kokwamba. Nhai ta warware su. Na bakwai ne babu.

"Wannan ai tun jiya na kai wa Tuoi, da irin soso. Ta ba ni ƙwai uku."

Nhai ta zauna daɓas a ƙasa. Shafin tana iya sake rubuta shi daga ka. Abin da ya kashe mata jiki shi ne, labarin gaba ɗaya na Gwaggo Tuoi ne, maƙwabciyarsu mai kiwon agwagi, wadda ake jin muryarta daga wancan ƙetaren gonar shinkafa. Mijinta ya tafi kudu neman aiki shekara goma sha biyu da suka wuce, bai dawo ba. Nhai ta canza mata suna, amma ta bar tsohon toron agwagwar da Gwaggo ke kira da sunan mijin tana zazzaga masa masifa kowace safiya. Shafi na bakwai kuwa shi ne inda matar take kuka a bakin kogi, toron da sauran agwaginta suna gefenta.

Ranar ba ta ƙara kafa gora ko ɗaya ba. Ta yanke a ranta cewa labarin ba zai je ko'ina ba, murhu zai shiga. Amma ko ta ƙona shi, haƙuri dai dole ta ba da. Da rana ta yi sanyi ta ɗebi ganyen miya a kwando, ta bi ta shinge.

Gwaggo Tuoi tana tsugune tana yanka wa agwagi ganyen ayaba. Ba ta ɗago ba.

"Malamar rubutu ce? Shigo mana, kada toron ya cije ki, kin dai san halinsa tunda kin sa shi a littafi."

"Gwaggo, ki yafe ni. Zan ƙona shi."

"Zauna."

Ta goge hannu a wando, ta zaro takardar daga aljihun riga. An miƙe ta sumul, an ninke huɗu.

"Sau biyar na karanta. Rubutun naki kamar kaji sun yi dambe, amma na karanta. Agwagi shida kika ba ni? Ni? Goma sha tara gare ni, 'yar nan, so kike lardi duka su ce na tsiyace?"

Nhai ta sunkuyar da kai.

"Sannan wa ya ce miki a bakin kogi na yi kuka? Kogin da duk gari ke wanki? In tsaya can matar Khoat, uwar gulmar garin nan, ta samu abin kai wa kasuwa?" Ta nuna akurkin agwagi da wuƙar hannunta, muryarta ta sauka. "Can ciki na yi. In sun fara hayaniya babu mai ji. Shekara biyu."

Yayyafi ya ci gaba da sauka a kan ganye. Toron ya wuce ta tsakaninsu yana rangaji.

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ina za ki sani, kina majina lokacin. Shekara goma sha biyu ana gulmata a garin nan, babu wanda ya taɓa tunanin ko na yi kuka sai ke, kurmar banza." Ta danƙa mata takardar. "Gyara ki aika. In kin ƙona, ni da ke ne. Kuma ki kawo min sauran takwas ɗin in ga wace ƙaryar kika ƙara."

Nhai ta ji numfashinta ya dawo. Dariya ta suɓuce mata, ta rufe baki da hannu.

"Au, ashe kina da haƙora. Bar ganyen nan, ki ce wa Kaka irin nata rabi ƙwari sun cinye."

A gida Kaka Suu ta dube ta sama da ƙasa.

"Ta cinye ki?"

"Ta ce in aika."

"To kin gani. Da ban yaga ba, da yana nan yana shan hayaƙi."

Washegari da sassafe Nhai ta ƙarasa kafa gorar, ta binne irin soso uku-uku a gindin kowace. Ta wanke hannu, ta zauna a bakin ƙofa ta sake rubuta shafi na bakwai: agwagi goma sha tara, da akurki. Ta kai wa Gwaggo Tuoi ta karanta duka a tsaye, tana tsaki tana gyaɗa kai. Sannan Nhai ta naɗe takardun a leda saboda yayyafi, ta cusa cikin riga, ta hau keke zuwa gidan waya.