Saiwar Furen Gudrun

Ejvind ya kafa shebur a ƙasa, idonsa na kan shingen maƙwabciyarsa Birthe. Jiya ya hange ta tana zuro butar ban ruwa daidai nan, inda furen marigayiya matarsa Gudrun yake, mai lilo da 'yan zukata ruwan hoda a watan Mayu. Yanzu ganyen ya zama rawaya, ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Tun bara kuwa Birthe ke mitar yana tare wa latas ɗinta rana.

Zai tono saiwar ya kai wa kwamitin lambuna. Duk wanda aka kama da guba, ƙwace filinsa ake yi.

"Kabarin wa kake haƙa da sassafe?" Birthe ce ta leƙo, da kofin kofi a hannu.

"Me kika zuba masa?"

"Ruwa."

"Ruwan da ke ƙona ganye?"

"Kai, tsohon nan! Haka yake yi duk Yuli, ya kwanta barci sai Afrilu. Kana can kamun kifinka Gudrun take yanke busassun rassan, ta ɗora tukunyar fure a gurbin. Ka taɓa yin Yuli a lambun nan?"

Bai taɓa ba. Amma amsar ta zo mata da sauri, kamar wadda ta kwana da ita a baki.

"Kya maimaita a gaban kwamiti."

"Ejvind, cire shebur ɗin nan. Saiwar ba ta son..."

Ya taka da dukkan nauyinsa. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashi, ya sake cewa ƙas. Da ya ɗago ƙasar, sai ga saiwa mai kauri ta kakkarye gida uku, cikinta fari sol yana tsattsafo da ruwa, ga 'yan tsiro jajaye sun fara leƙowa.

Ya durƙusa. Ya tattaro gutsattsarin saiwar.

"Za ta tashi?"

"Ban sani ba." Muryarta ta sauka. "Wani lokaci gutsure yakan kama. Mayar da biyu yanzu, kada su sha iska. Ba ni ɗaya in gwada a inuwar bishiyar tuffata, ko da naka za su ƙi."

Ta miƙo hannu ta saman shinge. Ya daɗe yana duban tafin nan, sannan ya dubi gutsattsarin. Ya zaɓi mafi ƙanƙanta ya ba ta.