Kiɗan Auren Zaituna

Kibod ɗin Maharazu bebe ne. Ka danna shi tun daga hantsi har la'asar, ƙwas-ƙwas ɗin roba kawai za ka ji. Sautin yana cikin wasu baƙaƙen akwatuna uku da ke jere a kan kanta, waɗanda masu sana'ar suke kira modul: na sama sarewa da algaita, na tsakiya fiyano da garaya, na ƙasa ganguna. Waya guda ce ta fito daga bayan kibod ta shiga na farko, daga nan saƙo ya wuce zuwa sauran. Daga inda yake zaune Maharazu yake juya su duka. Ya kira sarewa, ya kwantar da kalangu, ya raba kibod gida biyu, hannun hagu yana ganga na dama yana fiyano, ko kallon akwatunan ba ya yi. Fiye da shekara ashirin yana wannan a wani ɗan situdiyo a Gwale, shi da abokin aikinsa Sadiƙ, mai riƙe da kwamfuta da ɗaukar murya. Wuri ne ƙarami, in mutum huɗu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, amma waƙoƙin biki nawa ne suka fita daga ciki? Allah kaɗai Ya sani.

To, sai kunne ya fara cin amanarsa. Da fari wani shuuu ne a na hagu, ya ce gajiya ce da yawan sa hedifon. Daga baya siraran sautuka suka riƙa ɓace masa, sarewa ce ta fara tafiya. In ya nema bai ji ta ba sai ya ƙara mata ƙarfi, ya sake ƙarawa, har ta riƙa soke kunnen duk wanda ke ɗakin shi ko a jikinsa. Ya je asibiti a ɓoye, likita ya gaya masa gaskiyar da ba ya so, ya dawo ya yi gum. Ya koyi kallon leɓen mutane, ya koyi yin dariya in ya ga ana yi. A ransa ya gama yarda babu wanda ya gane. Bawan Allah!

Ana cikin haka aka sa ranar auren Zaituna, 'yarsa ta fari. Kun san halin mutanenmu da 'ya'yan fari. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai “yarinyar nan”. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa yabonta ta ji ba, alhali duk cikin 'ya'yansa babu wadda take ransa kamarta. Abin da bakinsa ya kasa faɗa shekara da shekaru, shi yake so hannunsa ya faɗa a kiɗan waƙar bikinta. Ya kaɗa wa 'ya'yan mutane, 'yan Koki da 'yan Jakara da waɗanda bai ma san unguwarsu ba. Wannan karon tasa ce, kuma ya rantse babu hannun da zai taɓa kiɗan sai nasa.

Ranar ɗauka aka yi sa'a akwai wuta tun safe. Firdausi, mawaƙiyar da za ta rera, ta shiga ɗan ɗakin gilashi ta sa hedifon. Sadiƙ ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Maharazu.

“Yaya Maharazu, mu je?”

“Bismillah.”

Ya ɗora yatsu. Abin da yake iso masa kaɗan ne, dum-dum ɗin ganga da yake ji a ƙirji da tafin ƙafa, sai muryar Firdausi can nesa kamar daga gidan maƙwabta. Amma yatsun sun san hanya. Yana ganin bakinta yana furta sunan amarya, tana rausaya, Sadiƙ yana gyaɗa kai yana ɗaga masa babban yatsa. Wallahi ya daɗe bai ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Har ya fara raya wa kansa cewa likitan nan ya cika baki ne kawai.

Da aka zo amshi na biyu sai wata dabara ta faɗo masa. Ya ga a nan algaita ta fi dacewa, ta ɗaga sunan yarinyar sama. Ya danna maɓallin da yake canza murya, ya ɗaga ido ya tabbatar, tunda yanzu ido ne yake masa rabin aikin. Ɗan allon akwatin sama bai canza ba. Ya sake dannawa. Shiru, lambar sarewa tana nan daram. Gefen allon akwai wata 'yar koriyar fitila da take ƙiftawa duk sanda saƙo ya shigo, ga ta kuwa tana ta ƙiftawa, sai dai ba tare da yatsunsa take tafiya ba.

A hankali ya ɗage hannuwansa duka biyu daga kan kibod.

Fitilar ba ta tsaya ba. Gangar tana nan tana dukan ƙirjinsa, Firdausi idonta a rufe tana ta rerawa. Ya ɗan karkata ya leƙa bayan kanta, sai ga wayarsa tana lilo, ba a soke take a ko'ina ba. A gurbinta wata shuɗiyar waya ce, ta taso daga kwamfutar Sadiƙ.

Innalillahi. Ashe tun ɗazu roba yake ta dannawa.

Zuciya ta taso masa, ya ji kamar ya kifar da kantar da duk abin da ke kai. Amma Firdausi tana tsakiyar baiti, kuma baitin na Zaituna ne. Ya mayar da yatsunsa ya ci gaba da danna abin da babu mai ji, har waƙar ta kai ƙarshe. Firdausi ta fito tana cewa, “Kai, Baba, yau ka ƙure maleji!” Ya yi mata murmushi, ya ce Allah Ya yi albarka, ta gaida gida.

Da ta fita, ya miƙa hannu ya jawo wayar kibod ɗin da aka cire ya ajiye a kan tebur gaban Sadiƙ.

“Tun yaushe?”

Sadiƙ ya sunkuyar da kai ya yi magana.

“Ɗago ka faɗa. Ka san ba na ji.”

Karo na farko ke nan da maganar ta fita daga bakinsa, kuma ta yi masa ɗaci fiye da yadda ya zata. Sadiƙ ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

“Tun kafin azumi, Yaya. Mutane sun fara dawo da aiki. Kiɗan yana saɓa wa waƙa, sarewar kuma ba ta sauraruwa. Da wane baki zan gaya maka? Kai ka koya mini sana'ar nan.”

“Wa ya kaɗa wannan?”

“Kai ne. Wallahi kai ne, ban sa hannun kowa ba. Tsofaffin kiɗanka ne da ke cikin kwamfuta, na shekarun baya, na yanko nan na yanko can na haɗa.”

Maharazu ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Wato wancan Maharazun mai kunne shi ya ƙwace masa kujera, kuma da kiɗan da ya yi wa 'ya'yan wasu za a kai tasa ɗaki.

“Ko na yau ma, Sadiƙ? Na yarinyar nan?”

“Na yau na so in bar ka, ko me zai fito. Ita ce ta zo da kanta shekaranjiya. Ta ce ba ta son a yi da kai a wurin biki, kuma ba ta son ka sani. Har kuka ta yi.”

Maharazu ya miƙe. Ya kashe akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya lulluɓe kibod da tsohon zanensa, ya fita. Da ƙafa ya bi lunguna zuwa gida, masu babur suna ta kauce masa suna zagi. Abin da yake cinsa ba wayar ba ce. Sai yanzu yake tuna yadda kowa a gidansa ya koma zagayowa gabansa kafin ya yi magana, yadda aka daina kiransa daga ɗaki sai dai a zo a taɓa shi. Shi yana ta wahalar ɓoye musu, su kuma suna ta wahalar ɓoye masa cewa sun sani.

A tsakar gida ya tarar da Zaituna tana jera kwanukan da za a kai mata. Ta saki abin da ke hannunta, ta zagayo gabansa ta durƙusa, ta ɗago fuska yadda zai ga bakinta sosai.

“Baba, sannu da zuwa. An gama?”

“An gama.”

“Ya yi daɗi?”

Ya daɗe yana kallonta, abin da bai saba yi ba. Ƙarya tana nan a kan harshensa, mai sauƙi, irin wadda suka yi watanni suna yi wa juna.

Ya ce, “Sai dai ke ki saurara ki gaya mini. Ni ban ji ba.”

Ta sa gefen mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa, shi kuwa yana tsaye a kanta, ko kukan ba ya ji.