Maki Biyun Delbert Stoltz

A garinmu Carbon Falls, in ka ce sittin da huɗu ba wanda zai tambaye ka sittin da huɗun me. Makin da Walt Pruszynski ya ci ne shi kaɗai a wasan ƙwallon kwando na watan Fabrairun 1958, lokacin da ƙungiyarmu ta 'Yan Kwal ke buga gasar ƙwararru ta ƙananan garuruwa. Ƙungiyar ta ruguje tuntuni, ramukan kwal sun rufe, amma lambar na nan a jikin tankin ruwa, da rigunan 'yan makaranta, da ƙofar gidan abincin da na gada wurin mahaifina.

Kullum da safe Walt kan zo shan kofi, dogo, kai ba gashi, ya ba da labarin kamar jiya aka yi. Delbert Stoltz ma yakan zo. Shi ma ya buga wasan, kuma shi ne kaɗai wasansa na ƙwararru a duniya. Abin da jarida ta buga a layinsa kowa ya haddace: minti uku, laifi biyu, maki babu. Shekara hamsin ana kiransa Sifiri, har matarsa Peggy in ranta ya ɓaci.

"Na rantse na jefa ɗaya ta shiga," in ji Delbert, kusan kowane mako.

"A mafarki ba," in ji Walt. "Kai da ko zufa ba ka yi ba? An ce rigarka ko wanki ba a kai ta ba."

Da bikin cika shekara hamsin ya zo, magajin gari ya sa aka tono ainihin takardar ƙididdigar wasan, aka sa ta cikin gilashi a zauren taro. Ranar Asabar da rana zauren ya cika maƙil. An zaunar da Walt a kan dandamali da fure a ƙirji, an tsara jawabai bakwai.

Ana cikin jawabi na uku sai Malama Odessa Finch ta ɗaga hannu. Ita ta koya wa rabin garin lissafi kafin ta yi ritaya, har magajin garin, kuma ba ta manta irin ƙwaƙwalwarsa ba.

"Ranka ya daɗe, ashirin da biyar sau biyu nawa ne?"

Magajin gari ya ɗan duba rufin ɗaki. "Hamsin, Malama."

"Madalla, ka ci gaba. A takardar nan Walt ya zura ƙwallo ashirin da biyar masu maki bibbiyu, ya ci jifan fanareti goma sha biyu masu maki ɗai-ɗai. Sittin da biyu ke nan. Ina sauran biyun suka fito? Ga kuma wurin da aka goge a layin Delbert, har takardar ta kusa hujewa."

Walt ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. "Malama, da girmanki? Mutum dubu biyu suka gani da idonsu!"

"Zauren wasan mutum ɗari shida yake ci, Walt. Zauna."

Wadda ta riƙe fensirin ƙididdiga ranar wasan tana sahun gaba, Lorraine Kuzma, da sandarta da jakarta a cinya. Duka ido ya koma kanta. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ni na goge," ta ce. "Delbert ya zura ɗaya ana saura minti ɗaya a tashi. Na rubuta, na sake tunani, na goge. Da na zo haɗa jimla sai na ɗora wa Walt. Shi dai ba ya ƙin ƙari."

Delbert ya tashi tsaye. "Lorraine! Me na yi miki?"

"Au, tambaya ma kake? Wa ya ce zai kai ni rawa ranar Asabar, na ɗinka riga, na zauna a baranda har ƙafata ta sandare? Ashe kana can da 'yar mai burodi."

Peggy, 'yar mai burodin, tana gefen mijinta. Ta ce, "Da kin faɗa mini tun lokacin, 'yar'uwa, ai da na bar miki shi. Ni na san abin da na sha."

Aka kwashe da dariya, ban da Walt da magajin gari. Shi magajin gari tunanin dutsen tunawa da aka riga aka sassaƙa wa sittin da huɗu yake yi, wanda ke lulluɓe da ƙyalle a bakin ƙofa yana jiran a buɗe.

Ranar Litinin majalisar gari ta zauna, ni ma ina ciki. Awa uku muka yi. A rage wa Walt ba zai yiwu ba, wa zai hau tankin ruwa? A hana Delbert haƙƙinsa ma ba zai yiwu ba, jikarsa lauya ce. A ba su duka kuwa, jimlar wasan ta lalace, Malama Odessa na zaune a baya da biro a hannu.

Can sai magajin gari ya ja takardar gabansa. "Wannan Earl Novak mai maki goma sha ɗaya fa, yana ina?"

"Ya rasu tun saba'in da tara."

"Yana da iyali a garin nan?"

"Ko kare bai bari ba."

"To ai shi ke nan. Earl maki tara ya ci."

Aka kaɗa ƙuri'a, shida da ɗaya. Ba zan ce ni ne ɗayan ba, don ba ni ba ne. Malama Odessa ta tattara jakarta, ta ce a rubuta cewa duk ta kayar da mu a jarrabawar lissafi, ta fita.

Tun daga ranar muka shiga uku da Delbert. Ya sa aka buga masa lamba biyu a hula. Ƙwallon da a da yake cewa daga gindin kwando ya jefa, kafin Kirsimeti ta koma tsakiyar fili, mutum uku na riƙe da rigarsa. Har Walt ya fara zuwa da sassafe don ya sha kofinsa ya gudu.

Wata rana Lorraine ta shigo sayen kek, ta tarar da Delbert yana nuna wa wasu direbobin tirela yadda ya lanƙwasa wuyan hannu ya jefa ƙwallon. Ta tsaya ta kalle shi ta saman tabarau, sannan ta matso kusa da ni.

"Ka san yadda ta shiga? Walt ne ya jefa ta daki ƙarfen kwando, ta dawo ta bugi goshin wancan yana kallon 'yan kallo, ta faɗa ciki."

Na ce, "Haba Madam, me ya hana ki faɗa a zaure?"

"Ina ajiye da ita," ta ce. "Naɗe mini kek ɗin, mai tuffa, kada ka ba ni na jiya."