Hayaƙin da Ya Juyo

"Ba zan canza ba, Yallaɓai."

Babban injiniya ya cire tabarau ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Na janye hannuna daga linzamin kwamfuta.

Aikina shi ne in gwada a kwamfuta inda hayaƙi zai bi in gobara ta tashi a wurin ajiye motoci da ke ƙarƙashin wani sabon asibiti. Kwamfuta ba ta san komai ba a bayan iyakar zanen da aka ba ta. Kai za ka faɗa mata ƙarfin iskar da ke shigowa ta mashiga, da abin da ke jiran iskar a bakin mafita. In ka ce mata fili ne, ta yarda.

To, ba fili ba ne. Na je da ƙafata na gani: maƙwabta sun ta da doguwar katanga dab da bakin mafitar, ko hannuwana ban iya buɗewa a tsakani ba. Da na saka katangar a zanen, sai hayaƙin ya daki bango ya juyo. Ina kallo jan launi ya malalo a hankali, ya cika matakalar da masu jinya za su bi su tsira.

"Malama Injiniya," in ji babban injiniya, "yanke zanen a bakin mafita, ki sa matsin iskar waje kamar yadda kowa ke yi. Katangar ba tamu ba ce."

"Hayaƙin bai san ta wane ce ba, Yallaɓai."

"To ƙara iskar mashiga."

"Fankokin da aka kafa ba su da wannan ƙarfin."

Abokin aikina da muke kira Dogo ya sunkuyo ya raɗa mini, "Gimbiya, rufa wa kanki asiri. Kwamfuta ce fa, ba ranar hisabi ba."

Babban injiniya ya yi ƙasa da murya, abin da ya fi tsawa ban tsoro. "'Yata, a wannan sana'a duk mun san juna. Ki yi tunani."

Na yi tunanin. Ban ɓata shekaruna a jami'a don in yi wa kwamfuta ƙarya ta maimaita wa mutane ba. Na miƙe daga kujerar. Dogo ya zauna, ya goge katangar daga zanen, kafin a tashi aiki hoton ya koma shuɗi fes, hayaƙi na fita salin-alin.

A gida Mama ta riƙe haɓa. "Ke kam taurin kanki tun kina goye! Ke kaɗai kika iya boko?"

"Mama, mutane za su shaƙe a matakalar nan."

"Allah Ya kiyaye. Ke kuma wa zai ɗauke ki aiki?"

Na kai ƙara wurin masu duba gine-gine, suka ce za su duba. An buɗe asibitin. Duk sanda na ji jiniyar motar kashe gobara, sai na tsaya cak har in ga inda ta nufa.

Har yau ban ba kowa haƙuri ba. An sallame ni, duk ofishin da na je neman aiki labarina ya riga ni isa, Baba kuma ya daina kirana Injiniya.