Sunan Ɗiyar Fari

Ni ke kula da shirin haɗa 'yan mata na ranar Asabar a Jega. Ba don na fi kowa iyawa aka ba ni ba. A malaman makarantarmu ni kaɗai ne ba gona ba shago, Asabar ɗina a banza take. Yara ashirin da biyu ne daga Jega, Aliero da Maiyama, ana haɗa su biyu-biyu, wadda ta yi nisa a karatu ta ja 'yar'uwarta, a ci abinci kwano ɗaya.

Wadda na sha wuya kafin na samu ita ce Amariya, ɗiyar Fulanin wata ruga bayan Gehuru. Sau huɗu ina zuwa a babur kafin uwarta Adama ta yarda, shi ma da sharaɗin duk ranar da abin bai kwanta mata ba, za ta janye ɗiyarta. Na haɗa ta da Beatrice, ɗiyar wata ma'aikaciyar jinya. Cikin wata uku Amariya ta fara haɗa baƙi, Beatrice kuma ta iya gaisuwa da Fulatanci. Duk baƙon da ya zo, su nake nuna masa, kamar ni na haife su.

Sai ranar iyaye ta zo. Littafin da ƙungiyar da ta kawo shirin ta aiko ya ce kowace uwa ta tashi ta kira sunan ɗiyarta, ta yabe ta gaban jama'a. Na karanta na ce madalla. Ni fa ɗan fari ne. Har uwata ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba, don kunya, sai dai "wancan". Shekara arba'in ina amsa "wancan", amma da na ga abu a rubuce da Turanci, kaina ya ɗauke.

Victoria, uwar Beatrice, ta yi minti goma tana yabo, har da runguma. Uwar Iyatu ta Aliero, da yake Iyatu ta biyar ce a ɗakinta, ta ce yarinya dai ta iya dashen albasa, aka yi tafi. Na miƙa wa Adama abin magana. Ta tashi, ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa. Amariya ce ta fari a wurinta. Na sani, da hannuna na cike takardar rajistarta.

Da na karɓe na wuce gaba, da shi ke nan. Sai na ɗaga murya, wai ni mai raha, na ce, "Inna, a faɗi sunanta mana, ko an manta ne?"

'Yan matan gari suka bushe da dariya. Wata daga baya ta ce ai da saniya ce da tuni an kira ta. Adama ta maido min abin maganar da hannu biyu, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Amariya ta bi ta.

Asabar biyu ba ta zo ba, na tafi rugar. Adama ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo nono, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ba da haƙuri mai tsawo irin na malaman makaranta, ta saurara har na gaji don kaina.

"Malam, dariyar ba ta dame ni ba," in ji ta. "Yarinyar ce tat tambaye ni, wai don mi uwar waccan ta rungume ɗiyarta, ni ko kiran ta ban iyawa. Tun da na haihe ta ba ta taɓa man irin wagga tambaya ba."

Na ce ko za ta bari ta dawo, ko sau ɗaya a wata. Ta ce maruƙa sun yi yawa bana, hannu ya yi kaɗan. Na hango Amariya can wajen turke, ta ba mu baya, tana kwance igiya tana sake ɗaurewa.

Na shanye nonon tas, don ban san abin da zan ƙara yi da bakina ba, na tada babur.